Ranar da Ji Ke Korar Gani: Tafki, Tsawa da Bununi

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



An nemi in yi magana a kan yanayi da lafiyar jama'a. Fagen yana da faɗi, lokacin da aka ba ni kuwa kaɗan ne, saboda haka zan tsaya a kan abubuwa uku waɗanda gidajen rediyo da talabijin na birnin Shikago, a ƙasar Amurka, sukan haɗa cikin rahoton yanayi guda a lokacin zafinsu, watau daga watan Yuni zuwa Agusta. Na farko shi ne hatsarin shiga tafki don yin iyo. Na biyu barazanar hadari mai iska da tsawa. Na uku kuwa yawan bununi a cikin iska, watau garin nan mai laushi da furen ciyawa da na itatuwa ke saki, irin wanda duk manomi ya sani a kan gero da masara.

Dalilin da ya sa na zaɓi can shi ne, mutanen wurin sun daɗe suna rubuta abin da ya same su, da rana da wata da adadin rayuka, har suka gina tsarin gargaɗi a kansa. Mu ma muna da madatsun ruwa da kududdufai, muna da hadarin damina, muna da masu ciwon fuka a gidajenmu da makarantunmu, wasu daga cikin 'ya'yanmu da ƙannenmu kuma suna ƙasashen waje wajen karatu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Hausawa kan ce gani ya kori ji. A yawancin al'amura haka ne. Amma a waɗannan abubuwa uku ido yakan makara. Wanda ya saurari gargaɗi tun da safe ya shirya, ya fi wanda ya ce sai ya gani da idonsa, domin kafin idon ya gani, aikin gama ya gama. Abin da nake so in nuna ke nan a cikin wannan jawabi.

Tafkin Mishigan

Tafkin Mishigan ɗaya ne daga cikin manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, kuma shi kaɗai ne ke cikin ƙasar Amurka ɗungurungum, sauran huɗun an raba su da Kanada. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu kimanin kilomita 494 ne, ya fi nisan Kano zuwa Abuja. Faɗinsa ya kai kilomita 190, inda ya fi zurfi kuwa mita 281. Birnin Shikago yana gaɓarsa ta kudu maso yamma. Ruwansa na daɗi ne, babu gishiri, bakinsa kuma farin rairayi ne mai ban sha'awa, shi ya sa dubban mutane ke tururuwa can da zarar rana ta yi zafi. Duk cikin tafkunan nan biyar, shi ya fi cin mutane.

Ga yadda abin yake. In iska ta taso daga arewa, tana da filin ruwa na ɗaruruwan kilomita da za ta bi ba tare da wani abu ya tare ta ba, saboda haka kafin igiyoyin ruwa su iso kudancin tafkin sun yi girma. Igiyoyin tafki kuma sun fi na teku matse juna, wannan ta buge ka, kafin ka gama numfashi wata ta iso. Bugu da ƙari, ruwan daɗi ba ya ɗaga jikin mutum kamar yadda ruwan gishiri ke yi.

Babban abin da ke kisa shi ne wanda zan kira ruwan ja. Igiyoyi suna ta tara ruwa a bakin gaɓa, a bayan tudun yashin da ke kwance ƙarƙashin ruwa. Ruwan da ya taru dole ya koma, sai ya sami wata ɓaraka a jikin tudun ya bi ta nan a guje zuwa tsakiyar tafki, kamar yadda ruwan sama ke samun rariya ya fice daga gida. Galibi yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa, amma yakan kai mita 2.5 a daƙiƙa, gudun da ko zakaran iyo na duniya ba ya yi. To, ga inda ido ke cin amanar mai shi. A daidai ɓarakar nan ruwa ya fi zurfi, igiyoyi ba sa fashewa, sai wurin ya yi lumui alhali hagu da dama ana ta kumfa. Uba ya zo da 'ya'yansa, ya duba, ya ce ku shiga nan, nan ya fi kwanciya. Ya zaɓa musu wurin da ya fi ko'ina hatsari.

Ruwan ja ba ya danna mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Abin da ke halaka mutum shi ne firgita da gajiya: ya ga tudu na nisa, ya dinga kokawa da ruwan yana neman komawa ta inda ya fito, har ƙarfinsa ya ƙare. Shawarar da masu ceto na yankin ke bayarwa ita ce, ka juya rigingine, ka bar ruwa ya ɗauke ka kana numfashi, sa'an nan ka yi iyo gefe, ta tsawon gaɓa, har ka fita daga kwararon, kana ka nufi tudu. In ƙarfinka bai kai ba, ka ci gaba da yawo a kan ruwa kana ɗaga hannu.

Akwai irin wannan ruwan ja a jikin katangun da aka gina suka shiga cikin tafki don kare tashoshin jirage. Ruwan da ke bin gaɓa in ya ci karo da katanga sai ya karkata ya nufi zurfi. Samari kuwa nan suka fi son tsalle. Har ila yau akwai sanyi. In iska ta kore ruwan sama-sama mai ɗumi daga gaɓa, na ƙasa mai sanyi yakan taso ya maye gurbinsa, har ruwan da jiya ya haura digiri 20 a ma'aunin Salsiyos ya faɗo kusa da 10, rana kuwa na nan ƙwal. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, in kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa ya shaƙa.

Saboda haka Hukumar Yanayi ta Amurka take fitar da hasashen iyo kowace rana a lokacin zafi, mataki uku: hatsari kaɗan, matsakaici, da mai yawa. A bakin ruwa kuma akan kafa tuta, koriya ko rawaya ko ja. Tun shekarar 2022 jihar Mishigan ta ƙara jar tuta biyu a wuraren shaƙatawarta, ma'ana an rufe ruwa, wanda ya shiga ya karya doka.

Hadari da tsawa

Yanzu bari mu ga yadda hadari ke haɗa kai da tafki. Ran 26 ga watan Yuni na shekarar 1954, da safe, wani layin hadari mai iska ya ratsa kudancin Tafkin Mishigan. Nauyin iskar da ke tafe da shi ya tura ruwa gaba, tulin ruwan ya je ya bugi gaɓar gabas ta wajen jihar Indiyana, ya juyo ya nufi Shikago. Sa'ad da ya iso, hadari ya riga ya wuce, masu kamun kifi na zaune a kan katangar tashar Montrose. Ruwa ya tashi kimanin mita 3 ba zato ba tsammani, ya share su. Mutum 8 suka rasu. Kafin wannan, ran 4 ga Yuli, 1929, irin wannan igiya ta ci mutum 10 a garin Grand Haven.

Wanda ya fi ba da darasi shi ne na ran 4 ga Yuli, 2003, ranar bikin samun 'yancin kan Amurka. Hadari ya bi ta kan tafkin da safe, bai daɗe ba ya wuce, gari ya waye, rana ta fito, jama'a suka shiga ruwa a yankin Warren Dunes na jihar Mishigan. Cikin 'yan sa'o'i mutum 7 suka nutse. Sai a shekarar 2019 masu bincike na Jami'ar Wiskonsin suka buga bayanin abin da ya faru: hadarin safiya ya bar tafkin yana tangaɗi kamar ruwa a cikin kwano, tashin ruwan bai ma kai rabin mita ba, amma komawarsa ta haddasa ruwan ja mai ƙarfi sa'o'i bayan sama ta washe. Bincike ya nuna irin wannan tangaɗi yakan auku fiye da sau 100 a shekara a manyan tafkunan, ko da yake yawancinsu ƙanana ne. Duk wanda ya shiga ruwa a ranar ya duba sama ya ga babu gajimare. Labarin hadarin da ya wuce da safe shi ne abin da ya kamata ya hana shi.

Akwai wata cibiya a garin Norman na jihar Oklahoma wadda aikinta ke nan, hasashen hadari mai tsanani ga ƙasar baki ɗaya. A wurinsu hadari ya zama mai tsanani in iskarsa ta kai gudun kilomita 93 a sa'a, ko ya zubo da ƙanƙara mai kaurin santimita 2.5, ko ya haifar da guguwar nan mai juyawa. Tun shekarar 2014 sun kasa barazanar mataki biyar, daga 1 zuwa 5. Suna kuma bambanta sanarwa iri biyu. Ta farko tana cewa a zauna cikin shiri, kayan haɗin hadari sun haɗu, mai yiwuwa ne ya taso cikin 'yan sa'o'i. Ta biyu tana cewa ga shi nan ya taso, na'ura ta gan shi ko mutane sun gan shi, kowa ya nemi mafaka yanzu. Ta farko kamar a ce an ga ɓarayi a ƙauyen da ke kusa ne, ta biyu kuwa an ji motsi a zaure. Mai hankali tun a ta farko yake tattara yaransa.

Kada kuma a ɗauka iska kaɗai ba ta ɓarna. Ran 10 ga Agusta, 2020, wani layin hadari ya ratsa jihar Ayowa ya bi har Shikago da Indiyana. A birnin Cedar Rapids an ƙiyasta gudun iskar ya kai kilomita 225 a sa'a. Ya kwantar da gonakin masara, ya kware rufin gidaje, asarar ta kai kimanin dala biliyan 11.

Sai tsawa. Walƙiya muna ganinta nan take, ƙara kuwa tana tafiyar kilomita 1 cikin daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya ka ƙirga zuwa 30 kafin ka ji ƙara, to tsakaninku kilomita 10 ne, kuma ba ka tsira ba, domin tsawa takan faɗi har nisan kilomita 15 daga inda ake ruwa, a wurin da ko ɗigo bai sauka ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ka ji ƙarar tsawa, ko yaya nisanta, ka fita daga ruwa, ka bar fili, ka shiga gini, kada kuma ka fito sai an yi minti 30 da jin ƙara ta ƙarshe. Mutane da yawa a farkon hadari ko a ƙarshensa tsawa ke samunsu, lokacin da suke ganin bai iso ba tukuna, ko ya riga ya wuce.

Mafaka ta gaskiya ita ce cikakken gini, musamman mai wayoyin lantarki da bututun ruwa waɗanda za su kai wutar ƙasa, ko kuwa mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe. Rumfa, da bukka, da gindin bishiya, da kan babur, duk ba mafaka ba ne. Wanda ke cikin ruwa ko cikin kwale-kwale kuwa, shi ne abu mafi tsawo a wurin. A Amurka, a shekarar 1943 tsawa ta kashe mutum 432. A shekarun baya-bayan nan adadin ya sauko zuwa wajen 20 a shekara, alhali yawan jama'a ya ninka fiye da biyu. Tsawa ba ta daina faɗuwa ba. Mutane ne suka rage aiki a fili, gine-gine suka inganta, gargaɗi kuma ya isa kunnen kowa.

Bununi

Na uku shi ne wanda ido ba ya gani sam. Wani likita a birnin Manchesta na Ingila, Charles Blackley, shi ya tabbatar a shekarar 1873 cewa bununin ciyawa ne ke jawo murar nan mai atishawa da ƙaiƙayin ido da ke kama wasu mutane kowace shekara. Shi kansa yana da ciwon, a jikinsa ya yi gwaji, har ya riƙa ɗaura gilashi mai danƙo a jikin abin wasan yara mai tashi sama da zare don ya ga iyakar inda bununi ke kaiwa. Har yanzu hanyar ƙirgar ba ta yi nisa da tasa ba: na'ura a kan rufin gini tana kama abin da iska ta ɗauko, a duba da madubin ƙara girma, a faɗi ƙwaya nawa ke cikin kowane murabba'in mita mai zurfin mita ɗaya na iska, sa'an nan a sanar ko kaɗan ne, ko matsakaici, ko mai yawa.

A yankin Shikago abin bi da bi ne. Itatuwa su fara da bazararsu, ciyayi su karɓa daga watan Mayu zuwa Yuli, daga tsakiyar Agusta kuma wani haki da suke kira ragwid ya ɗauka har sanyi ya shigo. Tushe ɗaya na wannan haki yana iya sakin ƙwayar bununi biliyan 1. Wani bincike da aka buga a 2021 ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2018, lokacin bununi a Arewacin Amurka ya riƙa farawa kimanin kwana 20 da wuri, yawansa kuma ya ƙaru da kashi 21 cikin 100, ɗumamar yanayi na cikin manyan dalilai.

Wani zai ce atishawa ce kawai, me ya haɗa ta da tsawa da nutsewa? Don amsa wannan sai mun bar Amurka mun tafi Ostareliya, inda hadari da bununi suka haɗu a rana ɗaya. Ran 21 ga Nuwamba, 2016, birnin Melbon ya wuni cikin zafin digiri 35, iska na kwaso bununin ciyawar kiwo daga makiyayan da ke arewa da yamma da birnin. Da yamma, wajen ƙarfe 5 zuwa 6, hadari ya iso da iska mai ƙarfi a gabansa. Cikin ɗan lokaci mutane suka fara kasa numfashi a ko'ina cikin gari. An kira motar asibiti kimanin sau 1,900 cikin sa'o'i 5. Cikin sa'o'i 30, asibitoci sun karɓi masu matsalar numfashi 3,365 a kan adadin da suka saba karɓa. Mutum 10 suka rasu.

Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, ƙwayar bununi in tana ɗungurungum hanci yakan tare ta, iyakarta atishawa. Amma in hadari ya zuƙe ta sama ta sha laima, sai ta fashe ta saki ɗaruruwan ɓarɓashi ƙanana ƙwarai, iskar gaban hadari ta dawo da su ƙasa daidai inda mutane ke numfashi, su wuce hanci su shige can cikin huhu. Yawancin waɗanda abin ya kama masu murar atishawa ne, kuma da yawa daga cikinsu likita bai taɓa ce musu suna da fuka ba, saboda haka ba su da magani a hannu. An taɓa ganin irin wannan a Landan a watan Yuni na 1994, amma na Melbon ya fi kowanne muni. Daga shekarar 2017 jihar Biktoriya ta kafa hasashe na musamman, daga 1 ga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba kowace shekara, mai gaya wa jama'a ranar da bununi da hadari za su iya haɗuwa. Shawarar ita ce, a irin wannan rana mai fuka ko mai murar atishawa ya shige ɗaki kafin iskar gaban hadari ta iso, ya rufe ƙofa da tagogi, maganin shaƙarsa na kusa da shi. Ku lura, iskar nan mai sanyi da ke zuwa bayan wunin zafi, wadda kowa ke so ya fito ya sha, ita ce ta ɗauko cutar.

Mu a nan gida

'Yan'uwa, me ya shafe mu a cikin wannan duka?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, yara da matasa ne suka fi yawa, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ke kan gaba. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ran 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Muna da Tiga da Challawa da Kainji da Goronyo da Dadin Kowa, manyan ruwaye da iska ke iya tayar wa igiya, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashi, ga jan ruwa kusa da inda ake sakinsa. Muna da kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa, waɗanda bakinsu ke kai wa yaro gwiwa, taku ɗaya gaba kuwa rami ne mai laka. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya, kuma yakan riski masu kwale-kwale a tsakiyar ruwa. Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da na kwanaki mai faɗin inda ake sa ran tsawa ko hazo. Bayanin yana nan. Abin da ya rage shi ne a ji, a kuma yi aiki da shi.

Game da makarantu, akwai abin da ya faru a Yuganda ran 28 ga Yuni, 2011, sa'ad da tsawa ta faɗa wa wata makarantar firamare a gundumar Kiryandongo, ta kashe yara 18 da malami ɗaya. A cikin aji suke, sun fake wa ruwa, ginin kuwa ba shi da sandar kare tsawa. Ajin da ke tsakiyar fili da rufin kwano, babu abin da zai kai wuta ƙasa, irinsa ba su ƙirguwa a ƙasarmu.

Saboda haka ina da roƙo guda biyar ga wannan ƙungiya, da kuma kowane uba da uwa da malami da ke nan.

Na ɗaya, a duba gine-ginen makarantarmu, azuzuwa da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci, a ga ko akwai sandar kare tsawa, ko wayarta na nan har ƙasa ba a yanke ba. Mun saba tara kuɗin fenti da ƙofar shiga. Wannan ya fi su gaggawa.

Na biyu, a kafa doka a filin wasa: da jin tsawa alƙalin wasa ya busa, kowa ya shiga gini, sai bayan minti 30 a dawo. Kada a bar wa ɗalibai shawarar, domin yaron da ƙungiyarsa ke neman ramawa ba zai bar fili da kansa ba.

Na uku, duk tafiyar buɗe ido zuwa madatsar ruwa, a duba hasashe tun da safe. In an yi hadari ko ana sa ransa, babu shiga ruwa, ko da rana ta fito. Babu shiga kwale-kwale sai da rigar ceto. A sa malami guda wanda aikinsa kallon ruwa kawai. Mai nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake nunawa a fim, domin bakinsa numfashi yake nema, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya yana iya ɓacewa shiru, abokansa na wasa kusa da shi.

Na huɗu, a koya wa manyan ɗalibai ceto. In wani ya faɗa ruwa, a miƙa masa sanda ko igiya, ko a jefa masa jarka a rufe, kada wanda bai sami horo ba ya bi shi, domin sau da yawa gawa biyu ake fiddawa. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna ciki ko juya shi ƙasa don ruwa ya fita, a hura masa iska a baki, a danna ƙirji, a nemi asibiti. Wanda tsawa ta faɗa wa kuwa, babu sauran wuta a jikinsa. Tsoron taɓa shi ya sa an rasa mutanen da danna ƙirji zai iya dawo da su.

Na biyar, ɗakin shan magani na makaranta ya san kowane ɗalibi mai fuka da sunansa, ya kuma ajiye maganin shaƙa na gaggawa. Ƙurar hunturu, da ƙurar gaban hadari, da bununin ciyawa a ƙarshen damina, duk suna iya tayar da ciwon. Yaron da ke tari da dare, ko ƙirjinsa ke kuka in ya yi gudu, a kai shi likita ya duba tun ciwon bai kama shi a tsakar dare ba. In kuwa ya kasa gama magana saboda numfashi, ko leɓensa ya sauya launi, a zaunar da shi tsaye, a ba shi maganin shaƙa, a garzaya asibiti ba tare da jiran safiya ba.

Ku kuma da ke da 'ya'ya a ƙasashen waje, in kun yi waya kuna tambayar karatu da abinci, ku haɗa da wannan. Yaron da ya koyi iyo a kogin garinsu bai san ruwan Mishigan ba. Ku gaya masa jar tuta ba ado ba ce, kuma atishawar da ta kama shi tun zuwansa can abin kai wa likita ce.

Shugaban taro, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da suke buƙata shi ne babba ya iya cewa a'a ranar da sama ta yi fes, ruwa ya kwanta, yara kuma na roƙo. Za su yi fushi, wani ma ya ce tsoro ya yi maka yawa. Fushin yaro na yini ɗaya ne. Rigakafi kuwa, kamar yadda malamanmu suka sha faɗa mana a wannan makaranta, ya fi magani.

 Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.